Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Shiga Ruwa: Jagora ga Masu Ɗaukar Shaida a Kogin Kwara

A ranar 26 ga watan Mayun 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da fasinjoji fiye da 150 ya kife a kogin Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Kaɗan daga cikinsu aka ceto da rai. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, sun ɗora alhakin haɗarin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin. A watan Janairun 2023 wani jirgin da ya ɗauko manoman shinkafa ya kife a kusa da Samanaji, cikin ƙaramar hukumar Koko/Besse. Hotunan irin waɗannan haɗurra galibi daga gaɓa ake ɗaukar su, bayan an gama asara: taron jama'a, gawarwaki a jere, jami'ai suna jaje. Abin da ya haddasa haɗarin, kamar ruɓaɓɓen katako a cikin jirgi, ko kututturen da ruwa ya rufe, ko yadda lodi ya danne jirgi har bakinsa ya kusa shan ruwa, ba kasafai ake samun hotonsa ba, domin wayar hannu ba ta kai wa wurin.

Wannan giɓi shi ne aikin ƙaramar kyamarar shiga ruwa. Sai dai kamfanonin da ke ƙera ta sun fi tunanin masu yawon shaƙatawa a garai-garan ruwan teku, don haka abubuwan da suke tallatawa a jikin kwali ba lallai su zama masu amfani ga wanda zai yi aiki a Kende ko Lolo ba. A ruwa mai laka, zurfin da kyamara ke iya kaiwa da yawan megafiksel ɗinta suna bayan wasu abubuwa uku: ingancin toshiyarta, iya ɗaukar hoto daga kusa, da bayanan lokaci da wuri da take ajiyewa tare da hoton.

Ruwan da za a shiga

Kende na cikin ƙaramar hukumar Bagudo, ba nisa da inda gulbin Sakkwato ke zubawa cikin Kwara. Kogin Kwara kansa yana shigowa Najeriya ne ta wannan yanki, bayan ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, kuma a Jidere Bode akwai tashar da hukumar NIHSA ke auna tashinsa. Daga nan yake gangarawa Yauri har zuwa tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968.

Kogin na cika sau biyu a shekara, kuma bambancin cikar biyu shi ne abu na farko da mai kyamara zai sani. Ta farko, wadda masana ruwa ke kira farar ambaliya, tana zuwa ne daga kusan watan Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da aka yi a nan kusa. Tana ɗauke da laka mai yawa, har mutum kan tsoma hannu ya kasa ganin yatsunsa. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan tsaunukan Gini ne da ke ɗaukar watanni a hanya. Yana zubar da lakarsa a faffadar fadamar tsakiyar Mali, ya iso Kebbi daga kusan Disamba zuwa Fabrairu yana da haske fiye da na damina. Wanda ke son hoton ƙarƙashin jirgi, ko ƙafar gada, ko ragar masunta a cikin ruwa, lokacin sanyi ne damarsa. A lokacin damina kuwa, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar, aikin kyamarar shi ne ta jure ruwan sama da fantsama da faɗawa ruwa, ta ɗauki abin da ke saman ruwa da bakinsa.

Lambobin da ke jikin kwali

Kalmar da aka rubuta a kwali cewa kyamara ba ta jin ruwa ba ta da nauyi sai an ga lambar gwajinta. Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne na IEC 60529, wanda ake rubutawa da haruffan IP sai lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Wannan na da muhimmanci a yankin da hunturu ke busawa. Lamba ta biyu ta ruwa ce. 4 na nufin fantsama kawai. 7 na nufin nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30. 8 na nufin fiye da haka, amma kamfanin ne ke faɗin zurfin da tsawon lokacin. Saboda haka IP68 a jikin na'urori biyu ba ya nufin ƙarfinsu ɗaya. Idan aka ga harafin X a madadin lamba, kamar IPX8, ma'anarsa ba a bayyana gwajin wannan ɓangaren ba.

A nan ne masu dogaro da waya ke ruɗuwa. Manyan wayoyin Samsung Galaxy masu IP68 an gwada su ne a zurfin mita 1.5 na minti 30, manyan iPhone daga na 12 zuwa sama kuma a mita 6 na minti 30. Gwajin a tsayayyen ruwa mai tsabta ake yin sa, da sabuwar waya. Apple ya bayyana cewa kariyar na raguwa da tsufan waya, kuma garantinsa bai shafi lalacewar ruwa ba. Wayar da aka taɓa buɗewa aka canza mata gilashi ko batir, a ɗauka kariyarta ta tafi. Ban da haka, gilashin taɓawa ba ya aiki yadda ya kamata a cikin ruwa, shi ya sa kyamarorin shiga ruwa ke da maɓallai na dannawa.

Nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya ɗaya a kowace mita 10. Kyamarar da aka gwada a mita 14 ko 15 ta wadatar ga duk aikin da mutum zai yi a Kwara ba tare da tukunyar iska ba. Biyan ƙarin kuɗi don mita 30 ba shi da wata fa'ida a nan. Abin lura shi ne ƙarfin gudun ruwa da bugun faɗawa daga jirgi suna matsa wa toshiya fiye da tsayayyen ruwa, don haka rarar da ke tsakanin mita biyun da ake aiki da mita 15 ɗin da aka rubuta ita ce kariyar.

Abin da ruwa ke yi wa hoto

Ruwa na lanƙwasa haske. Ta bayan shimfiɗaɗɗen gilashi, abu kan bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma faɗin abin da kyamara ke gani ya ragu. Idon kyamara mai milimita 25 a tudu yakan koma kamar mai 33 a cikin ruwa. Tun da a ruwa mai laka dole ne a matsa kusa da abin da ake ɗauka, ido mai faɗi ya fi ido mai jawo nesa amfani. A duba ƙaramar lambar da aka rubuta a bakin idon: 24 ko 25 ta fi 28. Jawo abu daga nesa a cikin Kwara laka kawai zai ƙara girmamawa.

Abu na biyu shi ne yawan hasken da idon ke shigarwa, wanda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba ita ce mafi buɗewa: f/2.0 na shigar da haske kusan ninki uku na f/3.5. A ƙarƙashin jirgi, inda inuwa ta haɗu da laka, wannan bambanci ne ke raba hoton da ake gane abin da ke cikinsa da wanda ya dushe.

Na uku, mafi kusancin tazarar da kyamarar ke iya fayyace abu. Wasu na iya ɗauka daga santimita ɗaya. Da irin wannan ne ake nuna tsagewar katako, ko ƙusar da ta yi tsatsa, ko girman idon raga.

Filashar da ke jikin kyamara kuwa ta fi ɓata hoto a ruwa mai laka, domin haskenta na bugun ɓurɓushin da ke yawo ya dawo cikin idon, hoton ya cika da fararen ɗigo. Mafita ita ce a kashe ta, a yi aiki da hasken rana tsakanin hantsi da azahar, ko a riƙe tocilan mai shiga ruwa daga gefe, nesa da idon kyamarar. Ruwa kuma na shanye jan launi kafin sauran launuka, Kwara kuma na ƙara wa komai launin ƙasa, don haka ana son kyamarar da ke barin mai ita ya daidaita farin launi da hannunsa.

Yawan megafiksel shi ne abin da masu sayarwa suka fi ɗagawa, alhali kusan duk waɗannan kyamarori ƙaramin faranti iri ɗaya suke da shi na karɓar haske. Cusa megafiksel 20 a kan farantin da wata ta sa wa 12 ba ya ƙara kyan hoto a wuri mai duhu. Megafiksel 12 sun isa shafin jarida da na intanet.

Hoto a matsayin shaida

Ga ɗan jarida ko matashin da ke bin diddigin aikin gwamnati, kyan hoto rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a iya tabbatar da inda aka ɗauke shi da lokacin, idan wani jami'i ya ce hoton tsoho ne ko na wata jiha ne. Abubuwa uku ke taimakawa.

Na farko GPS, wanda ke rubuta wurin a cikin bayanan hoton. Saƙon tauraron ɗan'adam ba ya ratsa ruwa, haka ma Wi-Fi, don haka sai a bar kyamarar ta kama wuri tun tana sama, a ɗauki hoton gaɓa da wata alama da ake ganewa kafin a nutsa ta, a sake ɗauka bayan an fito. Na biyu agogon kyamarar, wanda ya kamata a daidaita kafin kowace fita. Na uku tsarin ajiya na RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda farantin ya karɓe shi. Yana ba da damar gyara launin da ruwa ya ɓata ba tare da an taɓa na asali ba, kuma riƙe shi hujja ce mai ƙarfi cewa hoton daga hannun mai shi ya fito.

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta gindaya sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Saboda haka a rubuta sunan kyamara da lambarta, a adana katin ajiya na asali, a yi aiki da kwafi. Tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto na matse shi ya goge bayanansa. A tura shi a matsayin fayil. Ƙa'idojin Berkeley na binciken shaidar intanet, waɗanda ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar tare da Jami'ar Kalifoniya a 2020, su ma sun nanata adana na asali da rubuta duk hannun da ya bi.

Mafi yawan shaidar da ake buƙata a kogi a daidai fuskar ruwa take. Hoton da aka ɗauka da kyamara tana taɓa ruwa, yana nuna 'yar tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa a ranar kasuwa, tare da fasinjojin da ba su da rigar kariya, ya fi dogon bayani. Ƙa'idojin NIWA sun haramta lodin wuce kima da tafiyar dare, sun kuma wajabta sa rigar kariya. Hoto mai kwanan wata da wuri shi ne ke nuna ko ana bin su a wata tashar jirgi.

Kyamarorin da ake samu

OM System Tough TG-7, wadda ta fito a 2023, ita ce ta fi haɗa abubuwan da aka lissafa. Tana jure zurfin mita 15 da faɗuwa daga mita 2.1, idonta daga milimita 25 zuwa 100 ne, yana buɗewa har f/2.0, tana ɗauka daga santimita ɗaya, tana da RAW da GPS, megafiksel ɗinta 12, ana kuma cajin ta da USB-C. Farashinta lokacin fitowa ya kai kusan dala 550. Yayarta Olympus TG-6 ta 2019 kusan komai nasu ɗaya ne in ban da ramin caji, don haka wadda aka samu da lafiya a kasuwar ta hannu riba ce.

Ricoh WG-6 ta 2019 da magajiyarta Pentax WG-8 ta 2024 suna kai mita 20, suna da GPS da ƙananan fitilu shida kewaye da ido, masu amfani wajen ɗauka daga kusa. Idonsu daga milimita 28 yake farawa, a f/3.5, kuma ba su da RAW. Pentax WG-90 ta fi su araha, tana kai mita 14, amma ba ta da GPS. Kodak Pixpro WPZ2 na cikin mafi araha, tana kai mita 15. Ta isa aikin ambaliya da rana tsaka, hotonta kuma na raunana da zarar haske ya ragu. Nikon Coolpix W300 mai mita 30 da Fujifilm XP140 mai mita 25 an daina ƙera su, sai dai a same su ta hannu.

Akwai kuma ƙananan kyamarorin bidiyo irin su GoPro, mai jure mita 10 ba tare da kwanso ba, da DJI Osmo Action 4 mai mita 18. Idonsu na da faɗi ƙwarai, bidiyonsu ba ya rawa, kuma ana iya ɗaura su a kan gora a zura ƙarƙashin jirgi ba tare da mutum ya shiga ruwa ba. Rauninsu shi ne ba sa fayyace abin da ke kusa sosai. A lura cewa GoPro Hero 12 ba ta da GPS, an dawo da shi ne a Hero 13. Wanda bidiyo ne babban aikinsa, wannan rukuni ya fi masa. Wanda ke son hoton tsaye mai bayani dalla-dalla, rukunin farko.

Saye da dubawa

Ba kasafai ake samun irin waɗannan kyamarori a shagunan Birnin Kebbi ba. Yawanci sai an aika manyan kasuwannin kayan lantarki na Legas ko Abuja ko Kano, ko an yi oda ta intanet. A nemi rasit mai ɗauke da lambar kyamarar, domin zai yi amfani a shingen kwastan, waɗanda ba su da wuya a hanyoyin kan iyaka. A guji kyamarori marasa sunan kamfani da ke iƙirarin megafiksel 48 a farashin ƙaramar waya, ba tare da lambar IP da za a iya bincikawa ba.

Idan ta hannu ce, a buɗe ƙofar batir a duba zoben robar da ke kewaye da ita: kada ya kasance ya tsage, ya bushe ko ya lotsa. A duba tsatsa ko farin gari a kan ƙarafunan batir da ramin caji, da hazo a bayan gilashin ido. Duk alamu ne cewa ruwa ya taɓa shiga. A gwada makullin ƙofar. Kafin a biya, a cire batir da kati, a rufe, a nutsa ta cikin bokitin ruwa na 'yan mintuna, a goge ta, a buɗe a duba. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

A sa kuɗin wasu abubuwa uku cikin lissafi. Igiyar hannu mai kumfa da ke sa kyamara ta taso, domin waɗannan kyamarori nutsewa suke yi, kuma abin da ya faɗa Kwara a lokacin cika ya tafi. Batir na biyu, tun da caji ɗaya kusan hotuna 300 yake ɗauka, GPS kuma na ƙara shan wuta, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas a ƙauyukan gaɓa. Sai katin ajiya biyu, don kada shaidar mako guda ta taru a wuri ɗaya.

Kulawa

Ruwa ya fi shiga kyamara ta ƙofar da aka rufe a kan ƙwayar yashi ko silin gashi. Kafin kowace shiga a duba zoben robar a wuri mai haske, a goge shi da tsumma marar zare. Ba a buɗe ƙofa da jiƙaƙƙen hannu, ko a cikin jirgi, ko a cikin ƙura. Bayan aiki a jiƙa kyamarar a ruwa mai tsabta na kusan minti 10, ana danna maɓallanta don laka ta fita, a shanya ta a inuwa. Ba a sa mata sabulu ko fetur. Zafin Afrilu a Kebbi na wuce digiri 40, kuma barin kyamara a rana ko a cikin rufaffiyar mota na gajiyar da roba. Tsoma ta cikin ruwa tana da zafi kuma na sa gilashin ya yi hazo daga ciki. Kamfanin OM na ba da shawarar a sauya robar toshiya sau ɗaya a shekara, abin da ke da wuya a inda babu wakilin gyara, don haka tsohuwar kyamara a rage mata zurfi da daɗewa a ruwa.

Rai da mutunci

Wanda bai iya ruwa ba kada ya shiga don hoto. Gora da igiya sun wadatar. Wanda ya iya ma ya sa rigar kariya, ya tafi da masunci ɗan gari. Sarkawa sun san inda ruwa ke juyi, da inda kututture yake, da wuraren da dorina ke kiwo, kuma neman izinin Sarkin Ruwa kafin a fara aiki a tasha na buɗe ƙofofin da katin aikin jarida ba ya buɗewa. Tsayayyen ruwan fadama na ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke ratsa fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan irin wannan aiki ya je asibiti.

Yankin kan iyaka ne, mai jami'an tsaro da yawa da kuma matsalar tsaro. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe, kuma wanda ya tsallaka ɓangaren Benin ya shiga ƙarƙashin wata doka dabam. GPS ɗin da ke ƙarfafa shaida yana iya tona gidan wanda ya ba da labari, don haka a cire bayanan wuri daga kwafin da za a wallafa, a bar su a na asali.

Idan haɗari ya auku, ceto ke gaba da hoto. Ba a wallafa fuskar gawa, ba a kuma ɗaukar mata da yara masu wanka ko wanki a gaɓa ba da yardarsu ba. Abin da hukumar binciken haɗurra ta NSIB da iyalan mamata za su fi amfana da shi shi ne hoton jirgin kansa: katakonsa, injinsa, kayan da ya ɗauko, da wurin da ya kife. Hoton da aka ɗauka a tasha kafin jirgi ya tashi, lokacin da ake iya sauke wani ɓangare na lodin, shi ya fi kowanne amfani.